Aikin Hannu: Yadda A Ke Tanƙwara Katako A Yi Ɗan Tebur

Duk wanda ya taso daga PZ a Sabon Garin Zariya, ya bi ta Kwangila ya nufi Samaru, ba zai rasa ganin rumfunan kafintoci a bakin hanya ba, ga gadaje ga kujeru ga tebura an jera su a rana suna jiran mai saye. Wannan sana'a ta daɗe a wurin. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna kusa da tasha. A cikinsu akwai kamfanin Paterson Zochonis, wanda ya shigo Nijeriya a 1899, shi ne kuwa ya bar wa unguwar sunan PZ. Daga baya aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ma'aikata da ɗalibai suka yawaita, kowa kuwa yana bukatar abin zama da abin ɗora fitila.

To, akwai wani abu da mu malamai muka daɗe muna lura da shi a waɗannan rumfuna, mun ga ya kamata mu yi magana a kansa. In aka ce wa kafinta ya yi ɗan tebur irin na gefen kujera mai lanƙwasassun ƙafafu, sai ya ɗauki faffaɗan katako ya zana siffar ƙafar a kai, ya bi da zarto ya yanke. Aibin wannan hanya biyu ne. Na fari, abin da ya zube ƙasa na gutsattsari sau da yawa ya kan kai abin da aka yi amfani da shi, ga katako kuwa ya yi tsada. Na biyu, ƙarfin icce yana cikin jijiyoyinsa ne, watau zaren da ya bi tsawonsa. In zarto ya ratsa su a wurin lanƙwasa, ƙafar ta raunana ke nan, ran da yaro ya hau teburin sai ta tsage daidai nan.

Maganin abin shi ne a tanƙwara katakon a bar jijiyoyinsa su bi lanƙwasar. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Makiyayi ya kan gasa ɗanyar sanda a wuta ya lanƙwasa kanta, maharbi ma haka ya ke gyara bakansa. Magina kuwa sun san bakan gizo, inda a ke jera gajerun azara bisa juna a ɗaure su har su haɗu a sama. An nuna iyakar gwanintar wannan aiki a Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ashe masu iya magana da suka ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, daga aikin hannu suka ɗauko zancen.

A ƙasar Turai wanda ya shahara da wannan aiki shi ne wani kafinta Bajamushe, Michael Thonet, wanda ya koma birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya da zama. A 1859 ya fito da wata kujera da a ke kira Lamba 14, wadda gaba ɗayanta icce shida ne tanƙwararru, aka haɗa da sukurori. Don a kan aika da ita a warware, kujera 36 su kan shiga akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska. Kafin 1930 an sayar da wajen miliyan 50. Asirinsa shi ne tururi. A kan sa icce cikin rufaffen akwati a cika shi da tururin tafasasshen ruwa, kamar awa guda ga kowane inci na kauri, har ƙwayar da ta riƙe jijiyoyin ta yi laushi. Sa'an nan a fito da shi da zafinsa, a ɗora masa ɗamarar ƙarfe ta bayan lanƙwasar don kada ya fashe, a tanƙwara, a bar shi ya bushe a haka.

Amma fa a nan sai mu yi wa kafintocinmu gargaɗi. Iccen da Thonet ya yi aiki da shi na ƙasar sanyi ne, mai jin tururi. Maɗaci da 'yan'uwansa na ƙasarmu ba su cika yarda da wannan ba. Mun gwada da ɗalibanmu a ɗakin koyon sana'a, da rabin duro da bututu, maɗacin ya yi ta murɗewa yana karyewa ta ciki, har muka haƙura. Hanyar da muka ga ta fi dacewa da mu ita ce ta yanka katako siriri siriri, a shafa gam, a jera, a tanƙwara su tare. Ga yadda a ke yi.

A nemi busasshen katako wurin 'yan katako, mai miƙaƙƙun jijiyoyi, marar ido. Tebur zai yi tsayin inci 22, samansa kewayayye mai faɗin inci 16, ƙafafunsa uku, gama mai ƙafa uku ba ya rawa ko da daɓen ɗaki bai daidaita ba. Don kowace ƙafa a yanka falle takwas, kowane kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na inci, faɗinsa inci ɗaya da rabi, tsawonsa inci 28, a jera su yadda suka fito daga katakon. Sa'an nan a sassaƙa wani kakkauran katako bisa siffar lanƙwasar da a ke so, kamar ta baka, shi ne za a riƙa matse ƙafafun a jikinsa. A ɗan ƙara masa lanƙwasa kaɗan, don in an kwance, ƙafar ta kan ɗan miƙe. Kafin a taɓa gam a fara gwada falle ɗaya. In ya yi ƙara ko ya tsage, to, ya yi kauri, a rage.

In an tabbata, sai a shimfiɗa takarda ko leda bisa katakon siffa don kada ƙafar ta manne da shi, a shafa gam a kowane falle, a jera, a fara matsewa daga tsakiya a bi zuwa baki biyu. Wanda ba shi da abin matsewa na ƙarfe ya yanka tsohon tub na mota ya naɗa da ƙarfi. Lokacin hunturu gam na saurin bushewa, saboda haka a yi aikin da sassafe, mutum biyu ko uku. A bar ta kwana ɗaya cur, a kwance, a kankare gam ɗin da ya tsatso, a goge. Ƙafafu uku duka a jikin katakon siffa ɗaya za a yi su, don su fito daidai da juna.

Saura haɗawa. A haɗa ƙafafun a sama da ɗan katako mai kusurwa uku, a ƙara wani ƙarami a tsakiya don kada su buɗe. Wajen ɗaura saman tebur a yi amfani da sukuru, kada a sa gam, a kuma faɗaɗa ramin sukurun kaɗan. Dalili kuwa, katako a ƙasar Zazzau yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, in aka ɗaure shi tam sai ya tsage.

Abin da ya sa muka tsawaita bayani shi ne, yaron da ya yi wannan tebur ya yi lissafin awo da hannunsa, ya ga aikin zafi da laima a jikin icce da idonsa, ya kuma koyi tattalin katako a ƙasar da itatuwanta ke raguwa. Muna roƙon shugabannin makarantu da ke da ɗakin sana'a a kulle su buɗe shi. Muna kuma roƙon manyan kafintocin PZ da Samaru kowa ya sassaƙa katakon siffa ɗaya ya rataye a rumfarsa, ya koya wa yaransa, gama katako ɗaya ya isa a yi ƙafafu da yawa a jikinsa. Allah Ya sa albarka a cikin sana'a, amin.