Alƙalami Mai Shan Tawada Bai Tsufa Ba

Duk wanda ya taɓa feƙe alƙalamin kara a makarantar allo, a Hunkuyi ne ko a Ikara, ya san sai an tsaga bakinsa kaɗan kafin ya riƙe tawada. Wannan tsagar ce a bakin ƙarfen alƙalamin Bature mai shan tawada. Bambancin kawai, shi nasa tawadar a cikinsa take, tana tsiyayowa ta wata siririyar hanya, iska kuma na shiga ta cike gurbinta. Wani Ba'amurke, Lewis Waterman, ya yi suna da daidaita wannan musaya a 1884, abin da ya rage ɗigar da ta addabi masu rubutu.

Daga baya biro ya zo ya kwashe kasuwa. László Bíró na ƙasar Hungary ya yi masa rajista a 1938, Bic ta fito da nata mai araha a 1950, yau ga shi a kowane teburin mai tireda daga Makarfi har Kudan. Sai dai tawadar biro mai kauri ce, dole a danna. Malamin firamare mai cika rajista da shirya darasi, ko ɗalibin kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi mai kwafar darasi shafi bayan shafi, su suka san tsamin da yatsu ke yi. Mai shan tawada kuwa taɓa takarda kawai yake bukata.

To wanne za a saya? A ganina mai rubutun yau da kullum ba ruwansa da na alfarma. Parker 51, da ya fito a 1941, ya cancanci sunan da ya yi, amma kayan ajiya ne yanzu. Kamfanin Hero na Shanghai ya kwaikwaye shi ya yi Hero 616, mai ɓoyayyen baki da 'yar robar da ake matsawa ta zuƙi tawada. Ɓoyewar bakin nan na da rana a ƙasarmu, domin tawada ba ta saurin bushewa ko an ɗan dakata ana tunani. Aibinsa shi ne jabu ya yi yawa, kuma ko a na gaske wani kan karci takarda, don haka a gwada kafin a biya. Jinhao ma na Sin ne, mai sauƙin kuɗi. Mai hali ya nemi Lamy Safari na Jamus ko Pilot na Japan. Bakin na Japan ya fi siriri, ya fi dacewa da littattafan rubutunmu masu shara-sharan takarda da tawada ke naso a kansu.

Kulawa ita ce rabin aikin. Da hunturu, a rufe murfi da zarar an ɗaga hannu. Da bazara, iskar da ke cikinsa kan kumbura ta turo tawada waje, musamman idan ta kusa ƙarewa, shi ya sa ake soke shi a aljihun riga baki na kallon sama. Lokaci-lokaci a ɗauraye shi da ruwan sanyi mai tsabta. Babban kuskure shi ne ɗura masa tawadar allo: ƙaro da garin gawayin da ke cikinta za su toshe hanyar, wani lokaci ba gyara. A nemi ta kwalba da aka yi dominsa, irin Quink ko Pelikan 4001. In babu a gari, a yi sautu wa mai shiga Sabon Garin Zariya ko Kano.

Ban ce a jefar da biro ba. Rasit mai kabon da ɗan kasuwar rake ko tumatir zai rubuta a tsaye, aikin biro ne. Amma malam, in kana cika shafuka kullum, sayi Hero ɗaya da kwalbar tawada ka gwada zangon karatu guda.