Daga Hatimi Mai Gida Tara zuwa Sirrin Lambobi

Almajirai da yawa a Babura da Roni sun san hatimi mai gida tara: a jera 1 zuwa 9, ta yadda ko ta ina aka tara, a tsaye, a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, hatimin nan ɗaya ne tak. Siffofinsa takwas duk juya shi aka yi ko aka kife shi.

Su kansu juye-juyen nan abin nazari ne. Masana lissafi sukan mai da kowane juyi jadawalin lambobi, sai haɗa juyi biyu ya zama ninka jadawali biyu. Fannin da ake kira ilimin wakilci ke nan.

To, me ya haɗa shi da ilimin lambobi? Mu ɗauki lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. 5 ita ce 1 da 4, 13 kuma 4 da 9, wato jimlar lambobi biyu da aka ninka kowace da kanta. Amma 7 da 11 sun ƙi. In aka raba 5 ko 13 da 4, saura 1; in 7 ko 11 ce, saura 3; wato masu saura 1 suna zama irin wannan jimla, masu saura 3 ba sa zama. Fermat, mutumin Faransa, ya faɗi wannan ƙa'ida a 1640, daga baya aka gano cewa wani ɓoyayyen juyi ne ke yanke hukuncin. A 1967 Robert Langlands ya rubuta wa André Weil wasiƙa, yana hasashen cewa irin wannan alaƙa ta ratsa fannonin biyu. Ta wani reshe na hasashen nan Andrew Wiles ya warware wata shahararriyar matsalar Fermat ta daban a 1994, bayan ta gagari masana fiye da shekara 350.

Zurfafa bincike a lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammad al-Katsinawi ya rubuta littafi kan hanyoyin tsara hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Yanzu ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, wadda aka kafa a 2021. Injiniyoyi muna buƙatarsu ƙwarai, amma makullin da ke tsare kuɗinmu a banki da saƙonninmu a waya daga ilimin lambobi aka ƙera shi. Ina roƙon hukumomin jami'ar da gwamnatin Jigawa su ware guraben tallafin karatu ga yaran da suka zaɓi lissafi tsantsa.