Gyambon Kwanciya da Haƙƙin Majinyacin da Aka Sallamo Gida a Abbaganaram

A unguwar Abbaganaram, kamar sauran unguwannin Maiduguri masu cunkoson jama'a, da yawa daga cikin masu fama da cututtukan da ba sa warkewa suna ƙarasa kwanakinsu ne a ɗakunan gidajensu, bayan an sallamo su daga asibiti da jawabin da kowa ya san ma'anarsa, wato likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, saura addu'a. A cikinsu akwai masu ciwon daji da ya riga ya bazu, da masu ciwon ƙoda waɗanda kuɗin wankin ƙoda ya gagari danginsu, da tsofaffin da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da masu ciwon hanta da ya kai maƙura. Komawa gida ba aibu ba ne, sau da yawa ma majinyacin ne da kansa yake roƙon a mayar da shi cikin iyalinsa. Inda ɓarakar take shi ne yadda iyalai suke fahimtar wannan jawabi, domin sai su ɗauka cewa tunda magani ya ƙare to jinya ma ta ƙare, a shimfiɗar da mutum a ƙuryar ɗaki ana jiran hukuncin Allah, alhali kuwa lokacin ne yake shiga matakin da ya fi kowane buƙatar kulawa.

Kulawar da ake ba irin wannan majinyaci fanni ce mai zaman kanta a ilimin jinya, wadda za a iya kira jinyar sassauci, ma'ana jinyar da manufarta ita ce rage raɗaɗi da wahala da kiyaye mutuncin mara lafiya, ko da babu tsammanin warkewa. Wadda ta kafa tubalinta na zamani ita ce Cicely Saunders, 'yar Ingila da ta fara aiki a matsayin ma'aikaciyar jinya kafin ta zama likita, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta kuma koyar da cewa zafin da mai ciwon ajali yake ji ya haɗa da na jiki da na zuciya da na damuwar iyali da na ruhi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 56.8 ne suke buƙatar wannan kulawa duk shekara, amma kashi 14 cikin 100 kacal suke samunta, kuma a 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da ita cikin tsarin kiwon lafiyarsu tun daga matakin farko. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan ne ya yi gaba wajen kafa sashe na musamman a 2007, bisa jajircewar Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta. A arewa maso gabas kuwa nauyin yana kan mata da 'ya'ya da surukai ne, waɗanda ba wanda ya zaunar da su ya koya musu aikin.

Babu abin da yake tona asirin wannan rashin koyarwa kamar gyambon kwanciya. Shi wannan gyambo yana samuwa ne idan nauyin jiki ya daɗe yana danne fata da tsoka tsakanin ƙashi da shimfiɗa, har ƙananan jijiyoyin jini su toshe, naman wurin ya rasa abin da yake rayar da shi ya mutu. Mai lafiya yana jujjuyawa ko a cikin barci ba tare da ya sani ba, shi ya sa abin ba ya samunsa, amma wanda ya shanye ko ya galabaita ko ya fita hayyacinsa ba shi da wannan kariya, kuma 'yan sa'o'i kaɗan sun isa ɓarnar ta fara. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne ƙasan gadon baya kusa da mazaunai, da gefen kwatangwalo, da diddige, da idon sawu, da allon kafaɗa, da gwiwar hannu, da ƙeya. Ma'aikatan jinya sun kasa shi mataki huɗu, daga sauyin launin fata wadda ba ta fashe ba, zuwa ɗayewar fata ko bororo mai ruwa, zuwa ramin da ya kai ga kitsen ƙarƙashin fata, zuwa na ƙarshe wanda ake hango tsoka ko ƙashi. Akwai wani bayani da ya kamata jama'ar wannan yanki su riƙe da kyau: littattafan jinya da yawa suna siffanta matakin farko da jan fata, amma a jikin baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, abin da ake gani shi ne wurin ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima, ya fi sauran jiki zafi ko sanyi idan an taɓa. Wanda yake jiran ya ga ja kafin ya damu, rami zai tarar.

Yanayin Maiduguri kuma yana ƙara wa abin sauri. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, ɗakunan kwano kuwa suna riƙe zafin har tsakar dare. A cikin wannan hali ne za a shimfiɗa leda a kan katifa don kada fitsari ya ɓata ta, a ɗora majinyaci kai tsaye a kanta ko a kan wani siririn zane, gumi da fitsari su taru a ƙarƙashinsa su jiƙa fatar har ta yi laushi kamar takardar da ta sha ruwa, sannan idan an tashi gyara masa kwanciya a ja shi maimakon a ɗaga shi. Katifa an tsirar da ita, bayan mutum kuwa an sadaukar. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba 2024, wadda ta mamaye Abbaganaram da Gwange da Gamboru da wasu unguwanni, ta kuma lalata na'urori masu tsada a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta bar gidaje da dama ba katifu ba gadaje, don haka majinyata da yawa suka koma kwanciya a kan tabarma bisa siminti, wanda shi ne mafi munin shimfiɗa ga mutumin da ƙasusuwansa suka fito.

Duk da haka talauci ba ya wanke kowa a nan, domin juya majinyaci ba ya cin ko kwabo. Abin da yake hana shi abubuwa biyu ne da ake ɗauka a matsayin ladabi, wato kunya da hidimar 'yan dubiya. Gida zai cika tun daga hantsi har bayan isha'i, ana shigowa rukuni-rukuni ana tambayar ya jikin Baba, ana amsawa da sauƙi, ana addu'ar Allah ya sa kaffara ne, mata suna can suna fama da dafa abincin baƙi, shi kuwa wanda aka zo dominsa yana nan rigingine yadda aka ajiye shi da asuba, an lulluɓe shi da zane mai tsabta, an fesa turare, ba wanda ya ɗaga zanen. Ɗa yana jin nauyin ganin tsiraicin mahaifinsa, suruka ba ta ma kusantar shimfiɗar, matar gida kuwa tsohuwa ce da ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai, sai kowa ya bar wa kowa. Idan wari ya fara tashi sai a ƙara turaren wuta, a ce ai ciwon ne ya ci jiki. Wannan kunya ba ta da gurbi a addini, domin malaman fiƙihu sun halatta duba al'aurar mara lafiya gwargwadon larura, kuma an fi son namiji ya kula da namiji, mace ta kula da mace, miji da mata kuwa babu shamaki tsakaninsu. Abin kunya na haƙiƙa shi ne a ce masu wankan gawa ne za su zama na farko da suka ga bayan dattijon da ya haifi 'ya'ya goma.

Ƙa'idar da ma'aikatan jinya suka daɗe a kanta ita ce a sauya wa wanda ba ya iya motsi kwanciya kusan duk bayan sa'a biyu, dare da rana, daga dama zuwa rigingine zuwa hagu. Gidan da ba a saba duba agogo ba zai iya ɗaure aikin da lokutan salla, a juya shi a kowace salla da kuma a tsakaninsu yadda ba zai wuce kusan sa'a biyu a kwanciya ɗaya ba, a raba daren tsakanin mutum biyu ko uku, a rubuta sunan mai kowane lokaci a takarda a manna a bango don kada a koma ga wancan hali na kowa ya bar wa kowa. Idan an kwantar da shi a gefe, kada a ɗora shi cak a kan ƙashin kwatangwalo, a karkata shi kaɗan ne a tokare bayansa da matashi, a sa wani matashin tsakanin gwiwoyinsa, a kuma sa wani a ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddige zai zama a sarari bai taɓa shimfiɗa ba. Wajen matsar da shi, mutum biyu su kama zanen da yake kai su ɗaga tare. Leda tana da amfaninta, amma wurinta ƙarƙashin zanen auduga mai kauri ne wanda aka miƙe ba tattara, kuma da zarar ya jiƙe a sauya shi, a wanke fatar da ruwa mai ɗumi da sabulu mara kaifi, a tsane ta da tawul ta hanyar dannawa a hankali, a shafa man kaɗanya ko basilin a wuraren da fitsari yake taɓawa. A duba dukkan wuraren da aka ambata sau ɗaya aƙalla kowace rana a cikin haske, da tocila idan ɗakin yana da duhu. Wurin da launinsa ya sauya ba a murza shi ba a gasa shi, domin murzar tana ƙara kashe naman da ya riga ya raunana. Abin da yake buƙata shi ne a ɗauke masa nauyi gaba ɗaya.

Idan fata ta riga ta fashe, to a nan ne ake tafka ɓarna ta biyu. Wasu suna fasa kafso su zazzage garinsa a ciki, wasu suna barbaɗa toka ko garin saiwa, wasu suna zuba sinadarin wanke ciwo mai ƙarfi wanda yake ƙona sabon nama tare da mataccen. Abin da ya dace shi ne a wanke hannu, a wanke ciwon da ruwan gishiri irin na asibiti ko tafasasshen ruwa da ya huce wanda aka sa wa gishiri kaɗan, a rufe da bandeji mai tsabta, sannan a nemi ma'aikacin jinya ya zo ya gani, domin cire mataccen nama aikin wanda ya koya ne. Mugunya, ko baƙin nama, ko wari mai ƙarfi, ko zazzaɓi da ruɗewa, alamu ne da ke nuna ƙwayoyin cuta suna neman shiga jini, kuma wannan kaɗai yana iya kashe mutum kafin ciwon da ya kwantar da shi.

Wani dalilin rashin juyawa da masu jinya suke kawowa shi ne majinyacin yana ihu idan an taɓa shi, don haka tausayi ne ya sa aka bar shi. Amsar wannan tana wajen maganin raɗaɗi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa uku na magance zafin ciwon daji, daga farasitamol da ire-irensa, zuwa masu matsakaicin ƙarfi, zuwa mofin, bisa sharaɗin a sha ta baki kuma a kan lokaci, kada a jira sai zafin ya dawo. Ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasan Borno ta sa iyalai suna tsoron duk wani magani mai ƙarfi, amma mofin da likita ya auna wa mai ciwon ajali hukuncinsa daban ne da ƙwayar da ake saya a ɓoye, har ma ƙasar Yuganda ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi tun 2004. Yana kawo taurin bayan gida, don haka ana haɗa shi da mai sassauta ciki, kuma mai ciwon ƙoda ba ya shan kowane maganin raɗaɗi sai wanda likita ya zaɓa masa. A daidaita lokacin wanka da wankin ciwo ya zo kamar rabin sa'a bayan shan maganin.

Ɗura ma tana buƙatar jan kunne a taƙaice. Jikin da ya kusa tafiya yana rage neman abinci, kuma zuba kunu ko rubutu a bakin wanda yake kwance ba ya iya haɗiya yana tura shi cikin huhu ne. A tayar da shi zaune, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali idan yana so, idan kuwa haɗiya ta gagara a riƙa jiƙa masa leɓe da harshe da tsumma mai tsabta. A sa'o'in ƙarshe, lokacin da numfashi ya sauya, ana rage yawan juyawa zuwa abin da zai ba shi natsuwa, a rage hayaniya, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali ba tare da takurawa ba.

Ma'aikatan jinya su ma akwai abin da ya rataya a wuyansu, domin sallamar irin wannan majinyaci ba ta cika ba sai an kira waɗanda za su kula da shi an nuna musu juyawa da ɗagawa da wankin ciwo da hannunsu a gaban gado, an kuma gaya musu ƙaramin asibitin da za su tuntuɓa a unguwa. Iyalan da ba a yi wa wannan ba su nema da bakinsu kafin su ɗauki jakunkunansu. Limaman Abbaganaram da malaman makarantun Islamiyya na matan aure kuwa ana roƙonsu su ɗauki wannan magana zuwa mumbari da aji, su bayyana wa jama'a cewa duba bayan mahaifi da yake kwance yana cikin biyayyar iyaye. Duk gidan da yake da majinyaci a kwance a yau, a sami mutum biyu su juya shi su duba bayansa da diddigensa kafin a yi sallar da ke tafe.