Saƙa Mai Tufka: Yadda Igiya Take Fitowa a Jikin Mayafi



Tun da hunturun bana ya kankama kowa ya fito da rigar sanyinsa. Gobe da safe idan mun yi layi a filin taro, ku dubi bayan wanda ke gabanku. Wasu rigunan, musamman na gwanjo, suna da wani ado da ya taso kamar igiyar da aka tufka, yana saukowa daga wuya har ƙugu. Ni a da na ɗauka daban ake tufka igiyar, sannan a ɗinke ta a jikin rigar. Ashe ba haka ba ne. Igiyar da rigar duk zare ɗaya ne, kuma a lokaci ɗaya ake saƙa su.

Goggona ce ta nuna mini a lokacin dogon hutu. Sana'arta ke nan, tana saƙa kayan jarirai ta sayar. Na ce mata ina so in yi wa kakata mayafin wuya, domin duk shekara idan sanyi ya shigo tari ba ya barinta ta yi barci, ga shi kuma ba ta fasa fita alwalar Asuba. Goggo ta ce, "To ki zauna, amma ki sani wannan aikin ba ya son mai kallon talabijin."

Kafin in zo kan tufkar sai na yi bayanin abu biyu, don waɗanda ba su taɓa riƙe tsinken saƙa ba. Wannan saƙar ba ta kwarashi ba ce, wadda ake yi da ƙugiya ɗaya. Da dogayen tsinkaye biyu ake yin ta. Zaren yana zama a kan tsinke a jere, zagaye-zagaye, kuma a wannan rubutun kowane zagaye zan kira shi ido. Aikin shi ne ka zura tsinken dama cikin idon farko na tsinken hagu, ka naɗa zare, ka jawo sabon ido, ka saki tsohon. Idan duk idanun suka koma dama, ka gama layi ɗaya. Sai ka juya aikin ka sake farawa.

Hanyar jawo idon iri biyu ce kawai. Akwai saƙar gaba, wadda zare ke zama a bayan aiki, fuskarta tana fitowa sumul da ƙananan alamu kamar harafin V. Akwai saƙar baya, wadda zare ke zama a gaban aiki, ita kuma tana fitowa da ƙananan gudaji. Abin mamaki, idan ka juya saƙar gaba ka dubi bayanta, saƙar baya za ka gani. Duk wanda ya iya waɗannan biyun ya iya duk abin da tufka take bukata. Babu wata saƙa ta uku.

To ta ina igiyar take fitowa? Ku tuna layin ɗiban ruwa a famfo. A ce ɗalibai shida ne a layi. Malam ya zo ya ce ukun farko su koma gefe, ukun baya su wuce su ɗiba, sannan ukun farkon su dawo su ɗiba. Kowa ya samu ruwa, babu wanda aka ƙara, babu wanda aka kora, layin ne kawai ya sauya. Haka tufka take. Idan ka iso idanu shida na igiyar, sai ka zare ukun farko ka ɗora su a kan wani ɗan gajeren tsinke na uku, ba tare da ka saƙa su ba. Ka saƙa uku na biye da saƙar gaba. Sannan ka dawo ka saƙa waɗanda ka ajiye. Tun da na baya sun riga na gaba, dole su haura juna, kuma wannan haurawar ita ce murɗin da muke gani.

Inda ka ajiye ɗan tsinken shi ke nuna inda igiyar za ta karkata. Idan ka bar shi yana lilo a gaban aiki, igiyar za ta karkata hagu. Idan ka tura shi baya, za ta karkata dama. Idan kana so ta fito kamar igiyar guga, kullum gefe ɗaya za ka riƙa ajiye shi. Idan kuwa yau gaba gobe baya, ba igiya za ka samu ba, wani abu ne zai fito yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Shi ma ado ne idan da gangan aka yi shi. Nawa na farko dai ba da gangan ba ne.

Ɗan tsinken nan na uku ana sayar da shi, har da mai lanƙwasa a tsakiya don kada idanu su zame. Ni ban saya ba. Tsinken tsire na samu, na wanke shi, na yanke shi daidai tsawon yatsa da rabi, na goge bakinsa a kan siminti har ya daina kama zare. Guntun fensiri ma yana yi, sai dai yana ɓata farin zare.

Ga wanda yake so ya gwada, kada ya fara da mayafi. Ya fara da abin rufe kunne, wanda ake zagaya kai da shi. Ka ɗora ido 16. Layin gaba: 3 saƙar gaba, 2 saƙar baya, 6 saƙar gaba, 2 saƙar baya, 3 saƙar gaba. Layin baya: 5 saƙar gaba, 6 saƙar baya, 5 saƙar gaba. Ka yi ta maimaita waɗannan layuka biyu. A layi na 5 ka murɗa idanu shidan tsakiya, daga nan kuma sai bayan kowane layi takwas, wato na 13, na 21, na 29, haka har ya isa zagaya kanka. Ka rufe idanun, ka ɗinke bakin biyu. Ku lura duk lambobin murɗin ba sa rabuwa biyu, domin a layin gaba kawai ake murɗawa.

Kowane ɓangare a nan yana da dalilinsa. Idanu biyun nan na saƙar baya da ke kowane gefen igiya suna nutsewa ciki, shi ya sa igiyar take tasowa a gan ta sosai. Idan ka cire su, igiyar za ta ɓace a cikin sauran saƙar. Ukun bakin kuma saƙar gaba ake yi musu a kowane layi, gaba da baya, domin kada gefen ya naɗe kamar tabarma.

Mayafin kakata igiya biyu na yi masa, da ido 28. Layin gaba shi ne 4, 2, 6, 4, 6, 2, 4, ana farawa da saƙar gaba, sai ta baya, ana canzawa haka har ƙarshe. Igiyar dama na karkata ta hagu, ta hagu na karkata ta dama, sai suka zama kamar suna kallon juna. A ganina wannan ya fi kyau a kan su bi hanya ɗaya, amma Goggo ta ce ra'ayi riga ne.

Yanzu ga inda na sha wahala. Na farko, ƙidayar layi. Da ido kawai ba za ka iya gane layi nawa ka yi tun murɗin baya ba, domin wurin murɗin a cukurkuɗe yake. Wata rana na murɗa a layi na shida, wata rana a na goma, sai igiyar ta fito wani gaɓa gajere wani dogo kamar rake mara kyau. Goggo ta sa na warware aikin kwana huɗu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Daga baya na samo ƙwayar wake takwas da murfin kwalba biyu. Duk layin da na gama sai in mayar da ƙwaya ɗaya daga wannan murfi zuwa wancan. Idan murfin farko ya zama wayam, lokacin murɗi ya yi.

Na biyu ya fi ciwo. Tufka tana cin zare. Saboda idanun suna hawa kan juna, saƙar tana tsukewa, faɗinta ya ragu, kaurinta ya ƙaru. Wannan kaurin shi ne amfaninta, domin kamar yadda muka koya a darasin kimiyya, iskar da ta maƙale a cikin tufafi ita ce take hana zafin jiki fita da sauri. Amma ni ban yi lissafi da haka ba. Ƙwallon zare biyu na saya da kuɗin tarata, ruwan toka, suka ƙare mayafin bai kai ko'ina ba. Kafin in sake tara kuɗi in koma kasuwa, irinsa ya ƙare. Wanda na samu shi ma ruwan toka ne, amma da na haɗa su a rana sai ga bambanci ƙarara, domin ba tare aka rina su ba. Don haka duk wanda zai fara, ya sayi zarensa gaba ɗaya a rana ɗaya, ya ƙara ƙwallo ɗaya a kan abin da yake tsammani. Ya kuma zaɓi launi mai haske. A baƙin zare ba a ganin tufka, kuma mai koyo ba zai ga kuskurensa ba sai ya yi nisa.

Na tambayi Goggo su wa suka fara wannan saƙar, ta ce ita dai a wurin wata maƙwabciya ta koya. Yayana ne ya taya ni bincike a wayarsa. Wurin da ya fi shahara da ita shi ne tsibiran Aran, ƙananan tsibirai uku a tekun Atlantika, yamma da ƙasar Ayalan. Mutanen wurin manoma ne da masunta, ga sanyi ga iska ga ruwan sama. A farkon ƙarni na 20 matan tsibiran suka shahara da saƙa riguna masu kauri, cike da tufka da wasu adon kamar saƙar zuma da lu'ulu'u. Da gashin tumaki suke yi, fari mai ɗan ɗorawa wanda ba a rina ba, kuma sukan bar masa maiƙonsa na asali, wanda yake hana ruwa shiga da wuri. Daga baya aka fara sayar da rigunan a ƙasashen waje, har Amurka.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa, wai kowane gida yana da nasa adon, domin idan masunci ya nutse a teku a gane gawarsa ta rigarsa. Labarin yana da ban tausayi, amma masana tarihin saƙa sun ce ba gaskiya ba ne. Da yawa suna danganta shi da wani wasan kwaikwayo na shekarar 1904, na wani marubucin Ayalan mai suna John Millington Synge. A wasan, wata yarinya ta gane kayan ɗan'uwanta da ya nutse saboda idanun da ta zubar lokacin da take saƙa masa safa. Wato da kuskure aka gane shi, ba da ado ba. Da na ji haka sai na ɗan ji sanyi a raina game da rakena mara kyau.

Wani ɗan ajinmu ya ga ina saƙa lokacin tara ya ce aikin mata ne. Ban yi masa musu da yawa ba. Na dai tuna masa cewa a ƙasar Hausa masaƙan da ke saƙa sawaye a masaƙa maza ne tun kaka da kakanni. Bayan kwana biyu shi ne ya zo yana tambaya ko za a iya yin tufka a jikin hula. Ana yi.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe, har da iyayenmu malamai. Yawancin zaren da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Yana da araha, yana wankuwa, amma ba ya shiri da wuta. Goggo ta yanko ɗan guntu ta kara a ashana don in gani: nan take ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Ulun gaske ƙaurin gashi yake yi, ya zama toka. Kada wani ya gwada wannan shi kaɗai. Dalilin da ya sa nake faɗa shi ne, a lokacin sanyi tsofaffinmu da ƙannenmu suna zama gaban kaskon garwashi, kuma bakin mayafi yana lilo. Saboda haka na gajarta na kakata, na yi masa maɓalli ɗaya babba a maimakon dogon jela. Kada kuma a sa masa dutsen guga, domin zai kwantar da tufkar, ba za ta sake tashi ba. A wanke da hannu da ruwan sanyi, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a inuwa. Idan aka rataye shi a igiya yana jiƙe, nauyin ruwan zai ja shi ya yi tsawo.

Na kai wa kakata mayafin ranar Juma'ar da ta wuce, mako bakwai bayan na fara. Ta juya shi gaba da baya, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta ce, "'Yar nan, me ya sa rabinsa ya fi rabi duhu?" Na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har tarin ya taso, sannan ta sa mini albarka ta ɗaura. Da shi take fita alwala yanzu.

Guntun saƙar da kuke gani an manna a ƙasan wannan takarda shi ne na ido 16 ɗin da na yi bayani. Igiyar sama ta karkata hagu, ta ƙasa ta karkata dama, don ku ga bambancin. Ku taɓa, ku ɗaga ku dubi bayansa, amma don Allah kada a cire. Shugabar kulob ɗinmu ta nemo mana izini, ranar Alhamis bayan an tashi za mu zauna a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta bayan ɗakin karatu. Ina da tsinkaye na mutum biyu kawai, sai a riƙa karɓa-karɓa. Wanda zai zo ya taho da guntun zare da wakensa takwas.

Daga wata ɗalibar aji biyu, ƙaramar sakandare.