Ɗakin Da Ake Shiga Don A Nemi Fita

A zancenmu na kimiyya na yau za mu duba wani irin wasa na kwamfuta wanda ba gudu a cikinsa, ba harbi, amma ya fi shekara ashirin mutane ba su gaji da shi ba.

A 2004 wani mutumin Japan, Toshimitsu Takagi, ya fito da wasan da ya kira Crimson Room, watau jan ɗaki. Mai wasa ya farka a ɗakin da bai sani ba, ƙofa a kulle. Ga gado, ga labule, ga aljihunan tebur. Abin da zai yi kurum shi ne ya kai linzamin kwamfuta bisa abu, ya latsa. Nan ya tsinci mabuɗi, can ya tsinci wani ɗan ƙarfe, har ya gane yadda za su haɗu ƙofa ta buɗe. Ba shi ne na fari ba, gama Jan Albartus ya riga shi da MOTAS a 2001, amma jan ɗakin ne ya bazu ko'ina.

To, me ke riƙe mutum a irin wannan ɗaki? Masanan halin ɗan Adam sun ba da haske tun kafin a ƙera kwamfuta.

Na farko, zuciya ba ta son aiki rabi. A 1928, a Balin, Maria Ovsiankina ta riƙa ba mutane ƙananan ayyuka, sa'an nan ta katse su kafin su gama. Sai ta ga yawancinsu, da sun sami sarari, su kan koma wa aikin ba wanda ya ce su koma. Ƙofar da ke kulle aiki ce da ba a gama ba, shi ya sa mai wasa ya kan ce bari ya ƙara minti biyar, har dare ya raba.

Na biyu, akwai gwajin Karl Duncker, wanda aka buga da Turanci a 1945. A kan ba mutum kyandir, da ashana, da kwalin ƙananan ƙusoshi, a ce ya kafa kyandir a bango. Mutane da yawa su kan rasa dabara, domin sun ɗauki kwali mazubin ƙusa ne kawai. Alhali kuwa in an juye shi aka kafe a bango, ya zama mazaunin kyandir. Wasannin nan cike su ke da irin wannan kwali, daɗinsu kuwa yana cikin ƙiftawar idon da abu ya waye wa mutum.

Flash, manhajar da aka gina yawancinsu a kai, kamfanin Adobe ya daina kula da ita a ƙarshen 2020, har aka ji tsoron dubbansu za su salwanta. Masu sa kai suka tattara su a rumbun Flashpoint, wanda aka fara a 2018. Wasan kuma ya fito fili: a 2007 Takao Kato ya shirya na gaske a Kyoto, inda ake rufe mutane su nemi mafita da hannunsu.

Kakanninmu da suka zauna yin kacici-kacici bayan lisha sun san wannan daɗi sarai. In ka taɓa kwana da tambaya a ranka, ka tashi da amsarta da asuba, ai ka riga ka shiga jan ɗakin nan ka fito.

Sai wani mako kuma, in Allah ya kai mu.