Zanen Cike-Gurbi: Yadda Masu Shirya Fim ke Yaudarar Ido

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To amma masu shirya finafinai sun daɗe da gano cewa ido ma yana da nasa rauni, kuma da wannan rauni suka gina wata dabara da za mu kira zanen cike-gurbi. Ma'anarta ita ce a ɗauki hoton 'yan wasa a wani ɗan ƙaramin fili, sa'an nan mai zane ya cike sauran hoton da fenti, har mai kallo ya ɗauka duk abin da ya gani wuri ɗaya ne.

Alal misali, a fim ɗin Black Narcissus na shekarar 1947, akwai wata mace da ke kaɗa ƙararrawa a bakin wani gangare mai ban tsoro a tsaunukan Himalaya. Alhali 'yan wasan ba su taka ƙasar Indiya ba. A ɗakin shirya finafinai na Pinewood da ke Ingila aka ɗauki hoton, zurfin gangaren kuwa W. Percy Day da mataimakansa ne suka zana shi.

Yadda ake yin aikin

Galibi ana danganta farkon dabarar ga Norman Dawn, wanda a shekarar 1907 ya ɗauki hotunan tsofaffin gine-ginen mishan a Kalifoniya ta Amurka. Da ya tarar wasu sassansu sun rushe, sai ya kafa faifan gilashi tsakanin kyamara da ginin, ya zana sassan da suka ɓace a kansa. Kyamara ta hango ginin ta inda babu fenti, ta haɗa shi da zanen a hoto guda.

Daga baya aka inganta hanyar. Sai a sa baƙin marufi a gaban kyamara, ya tare haske daga sashen hoton da ba a buƙata. Da yake haske bai taɓa wannan sashe ba, yana nan fanko a jikin fim ɗin. Ba za a wanke fim ɗin ba sai mai zane ya gama aikinsa. Sa'an nan a mai da fim ɗin baya, a rufe sashen 'yan wasa, a ɗauki hoton zanen a gurbin da aka bari. Da irin waɗannan hanyoyi aka samar da birni mai launin kore na The Wizard of Oz a 1939, da kuma ƙaton ɗakin ajiya mai cike da akwatuna a ƙarshen Raiders of the Lost Ark a 1981, wanda Michael Pangrazio ya zana.

Me ya sa ido ke yarda?

Amsar tana cikin ilimin halittar ido da ƙwaƙwalwa. Da farko, tazarar da ke tsakanin idanun babban mutum ta kai kimanin santimita 6 zuwa 7, don haka kowane ido yana ganin abu ta ɗan kusurwa daban. Ƙwaƙwalwa na kwatanta hotunan biyu ta gane nisa. Kyamara kuwa ido ɗaya gare ta. Saboda haka ba ta bambanta gilashin da ke kusa da ita da dutsen da ke nesa, muddin an daidaita girmansu.

Na biyu, idan wannan hanya ta kau, ƙwaƙwalwa na dogara da wasu alamomi. Abin da ke nesa yakan ƙanƙance, layukan hanya sukan matso da juna, launi kuma ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi saboda ƙura da tururin da ke cikin iska. Duk wanda ya hangi dutse a lokacin hazo ya san wannan. Mai zane yakan kwaikwayi waɗannan alamomi, ƙwaƙwalwa kuma ta yanke hukuncin akwai nisa inda babu.

Na uku, a tsakiyar tantanin da ke karɓar haske a bayan ido akwai wani ɗan gurbi mai cunkoson ƙwayoyin gani. Da shi kaɗai muke ganin abu dalla-dalla, kuma faɗin abin da yake kamawa bai wuce na babban yatsa ba idan an miƙe hannu. Motsi yana jan wannan gurbi, don haka idon mai kallo na kan ɗan wasa, ba a kan zanen ba. Shi ya sa ƙwararru irin su Albert Whitlock ba su cika ɓata lokaci kan ƙananan abubuwa ba; haske da inuwa suka fi kula da su. Bugu da ƙari, ba a barin hoton ya wuce 'yan daƙiƙoƙi a allo.

Dabarar tana da iyaka. Idan kyamara ta gusa gefe, abubuwan kusa kan gilma da sauri fiye da na nesa, amma zane shimfiɗaɗɗe duk tare yake motsi, nan take asiri ya tonu. Dalili ke nan da ya sa ake kafe kyamara wuri ɗaya.

Daga gilashi zuwa kwamfuta

A fim ɗin Die Hard 2 na 1990 an shigar da zanen hannu cikin kwamfuta, aka haɗa shi da hoton 'yan wasa a can. A yau da kwamfuta ake yin kusan dukan aikin, har a shimfiɗa zane a kan siffofi masu tsawo da faɗi da kauri don kyamara ta sami damar motsi. Kayan aiki sun sauya, amma ƙa'idojin gani da ake dogara da su suna nan yadda suke.

Malamai na iya jarraba wannan a aji. A manna hoton hasumiya da aka yanko daga takarda a jikin gilashin taga, ɗalibi ya rufe ido ɗaya, ya daidaita hoton da rufin wani gini a waje. Zai ga hasumiyar ta hau rufin. Da ya buɗe ɗaya idon, ko ya karkata kansa, sai su rabu. A nan ɗalibi zai fahimci cewa ido haske kawai yake karɓa, ƙwaƙwalwa ce ke fassara shi, kuma fassara na iya yin kuskure.