Matsayin Akodiyan a Kaɗe-kaɗen Afirka da Dalilan Rashin Zamansa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Gomari unguwa ce a Maiduguri, kusa da filin jirgin sama, inda Barebari da Shuwa da Hausawa da sauran ƙabilu suke zaune tare. Borno kuwa tun fil azal ita ce ƙofar gabas, domin ta nan mahajjata suke ratsawa zuwa Chadi da Sudan. Saboda haka kunnen mutanen wannan yanki ya daɗe da sabawa da waƙoƙin Sudan, waɗanda amon akodiyan ya yi kane-kane a cikinsu. Abin lura shi ne, duk da wannan sabo, makaɗan Hausa na gargajiya ba su ɗauki wannan abin kiɗa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda akodiyan ya sami gindin zama a wasu al'ummu, sa'an nan a duba abin da ya hana shi samun haka a tsakanin Hausawa.

2.0 Ƙira da Asali

Akodiyan akwati ne mai ɓangare biyu, a tsakaninsu akwai wani abu mai naɗewa tamkar zugazugin maƙeri. Makaɗi yakan rataya shi a ƙirji, yana ja yana matsewa, iska tana bi ta kan wasu siraran harsunan ƙarfe, su kuwa suna fitar da amo gwargwadon madannin da aka taɓa. A shekarar 1829 Cyrill Demian ya yi rajistar ƙirarsa a birnin Biyana. Daga baya kamfanoni irin su Hohner na Jamus suka yawaita shi, fatake da ma'aikatan jiragen ruwa suka watsa shi a duniya. Fa'idarsa a fili take: ba shi da wuyar ɗauka, yana da ƙara, kuma mutum guda yakan fitar da karin waƙa da rakiyarsa a lokaci ɗaya.

3.0 Inda Ya Sami Karɓuwa

A ƙasar Yarabawa, I.K. Dairo (1930-1996) shi ne ya yi fice wajen shigar da akodiyan mai madannai goma cikin kiɗan juju, tare da ƙungiyarsa ta Blue Spots. Ya haɗa shi da gangar Yarabawa mai magana, har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta MBE a 1963. A Saliyo, Salia Koroma ya yi amfani da shi wajen rera tarihi da hikimomin Mende. A Lesoto kuwa, a tsakanin 'yan ƙodagon haƙar ma'adinai ne kiɗan famo ya bunƙasa.

A Sudan, gidan rediyon Omdurman da aka buɗe a 1940 shi ne ya rena ƙungiyoyin kiɗan zamani, inda akodiyan ya zauna tare da udu da gogen Turawa, kamar yadda ake ji a ƙungiyar Abdul'aziz al-Mubarak. Wannan gidan rediyo ne kuma ya fito da A'isha al-Falatiya a 1942, wadda ta yi waƙa da Larabci da Hausa. A mafi yawan misalan nan, abin kiɗan ya sami ko dai gwanin da ya ɗaukaka shi, ko wata kafa da ta riƙe shi.

4.0 Dalilan Rashin Zamansa a Ƙasar Hausa

Dalili na farko shi ne tsarin kiɗan Hausa kansa, domin kusan kowane abin kiɗa yana da iyayen gidansa. Tambari da kakaki na sarauta ne, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta da 'yan bori. Kiɗa kuma galibi gado ne. Baƙon da ya zo ba sana'ar da ta kira shi, ba gidan da ya gada, da wuya ya sami masauki.

Na biyu ya shafi harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma makaɗin kalangu yakan matse tsarkiya ya sassauta domin ya kwaikwayi hawa da saukar murya, har mai sauraro ya gane taken da ake kaɗawa. Amon akodiyan a yanke yake, ba ya lanƙwasa irin haka. Dairo bai rasa komai ba domin ya bar wa ganga aikin magana. A wajen Bahaushe kuwa goge da kukuma da algaita sun riga sun cike gurbin amo mai ja.

Na uku shi ne lokaci. Sa'ad da masu shirya finafinan Hausa suka buƙaci sabon amo a shekarun 1990, fiyanon lantarki na Yamaha suka samu, wanda yake kwaikwayon kayan kiɗa da dama a akwati guda.

5.0 Kammalawa

An ga cewa jin daɗin amo kaɗai ba ya sa al'umma ta mallaki abin kiɗa, sai ya sami ubangida da aikin yi a cikin harshenta. Ya kamata manazarta su karkata ga unguwanni irin su Gomari, su naɗi bayanan dattawan da suka san yadda waƙoƙin gabas suka shigo, da sunayen da kowane harshe ya laƙaba wa kayan kiɗansu, tun masu wannan sani suna raye.